Mota Ɗaya, Farashi Biyu: Tarihin Cinikin Motocin Alfarma na Hannu a Amurka

Motar alfarma da ta shekara uku ko huɗu a hannun mai ita a Amurka tana da farashi biyu a rana guda. Akwai kuɗin da dila zai lissafa masa idan ya kawo ta musaya, ya yi ciko ya ɗauki sabuwa. Akwai kuma abin da zai samu idan ya daure ya nemi mai saye da kansa. Kusan kullum na biyun ya fi na farkon, kuma a babbar mota irin Mercedes S-Class ko BMW 7 Series tazarar takan kai dubban daloli. Wannan tazara ta haura shekara ɗari da samuwa. Saboda ita aka buga littattafan farashi, aka buɗe kasuwannin gwanjo, majalisa ta yi dokoki, har wani masanin tattalin arziki ya ci kyautar Nobel.

Musaya da ciko ta girmi mota. Masu cinikin dawaki a Amurka sun daɗe suna yin ta: mutum ya kawo tsohon dokinsa, a duba haƙora da kofato, a yanke abin da zai ƙara ya tafi da wanda ya fi. Da yawa daga cikin dilolin mota na farko sun fito ne daga harkar keken doki da kekuna da ƙira, sai suka shigo da al'adar tare da zargin da ke biye da ita. Sai dai a shekarun farko na ƙarni na ashirin musayar ba ta dami kowa ba, domin yawancin masu saye ba su taɓa mallakar mota ba, ba su da abin kawowa.

Henry Ford ne ya sauya wannan, ba da niyya ba. Motarsa Model T ta fito a 1908 a kan kusan dala 850, farashinta ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an sayar da fiye da miliyan 15. Da aka kai wannan matsayi, gidajen da ke da halin sayen mota galibi sun riga sun saya. Wanda ya shigo shagon dila yanzu da mota ya zo, kuma ba zai ɗauki sabuwa ba sai an raba shi da tsohuwar.

Alfred Sloan, wanda ya zama shugaban General Motors a 1923, ya gane inda kasuwa ta dosa. A littafin da ya rubuta kan shekarunsa a kamfanin, wanda ya fito a 1963, ya lissafa abubuwa huɗu da suka juya harkar mota a wancan zamani: sayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan, karɓar tsohuwar mota a musaya, mota mai rufaffen jiki, da fitar da sabon samfuri kowace shekara. Huɗun a sarƙe suke. Tun 1919 kamfanin ya kafa reshen ba da rancen sayen mota, GMAC, sai tsohuwar mota ta zama ita ce kafin alƙalami. Ya kuma jera motocinsa hawa-hawa, daga Chevrolet zuwa Pontiac, Oldsmobile, Buick, har Cadillac a ƙololuwa, domin duk wanda aljihunsa ya ƙara nauyi ya ajiye ta ƙasa ya hau ta sama ba tare da ya bar gidan ba. Sabon fasali na kowace shekara kuwa aikinsa shi ne ya tsofar da ta bara a idon maƙwabta ko da injinta lafiya lau. Tsarin ya yi wa Ford illa ta inda bai zata ba: mai ƙaramin ƙarfi da a da zai sayi sabuwar Model T ya ga da kuɗin nan zai samu Buick ta hannu mai rufi da ƙarfin inji.

Dila ne ya kwashi nauyin wannan tsari. Kamfani yana tura masa sababbin motoci ya biya nan take, kuma ana auna shi da yawan da ya sayar. Mai saye ya gane haka, sai ya riƙa zagaya shaguna yana neman wanda zai fi yi wa tsohuwarsa tayi mai tsoka. Diloli suka shiga rige-rigen ƙara wa tsofaffin motoci kuɗin da kasuwa ba za ta biya ba, ribar sabuwa ta riƙa narkewa a cikin asarar tsohuwa, filayensu suka cika da ƙarafan da ba mai so. A ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930 sai da manyan kamfanoni suka riƙa biyan diloli kuɗi don a farfasa tsofaffin motoci a rage su a kasuwa.

Motocin manya sun fi kowace shan kashi a wannan zamani. Packard da Pierce-Arrow da Peerless, da Duesenberg wadda a 1928 ake sayar da inji da ƙashin samfurinta Model J kaɗai, ba tare da bodi ba, a kan dala 8,500, duk an ƙera su ne don mai direba da garejin kansa. Attajiri ba ya sayen abin da wani attajiri ya gama yayinsa, talaka kuma ba zai iya shayar da irin wannan mota mai ko saya mata taya ba. Sai ta rasa mai so a sama da ƙasa. Da yawa an yanke musu baya an mayar da su motocin janwe ko na ɗaukar kaya a gona, saboda ƙarfin injinsu. Motar janwe ta farko ma, wadda Ernest Holmes ya haɗa a Chattanooga a 1916, a kan wata tsohuwar Cadillac ta 1913 ya ɗora ta. Karayar tattalin arziki da ta biyo bayan 1929 ta kashe Peerless a 1931, Duesenberg a 1937, Pierce-Arrow a 1938, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ana iya samun Duesenberg ta hannu a kan 'yan ɗaruruwan daloli. A 2018 an yi gwanjon wata Duesenberg SSJ ta 1935, wadda ɗan wasan fim Gary Cooper ya taɓa mallaka, a kan dala miliyan 22. Sai dai wannan kasuwar masu tara kayan tarihi ce, dokokinta daban.

Abin da kowa ya rasa a lokacin shi ne ma'auni. Les Kelley ya buɗe wurin sayar da motocin hannu a Los Angeles a 1918 da Model T guda uku. Don ya samu haja, sai ya riƙa raba wa diloli da bankuna takarda mai jerin motocin da yake nema da abin da zai biya kan kowace. Tun da an san yana biya da gaske, sai aka fara ɗaukar takardar tasa a matsayin farashin kasuwa, har dila ya ciro ta daga aljihun tebur ya nuna wa mai musaya. A 1926 ya mayar da ita littafi, Kelley Blue Book. Abin lura a nan shi ne asalin lambobin: farashin da ɗan kasuwa zai saya ne don ya sake sayarwa, wato farashin sari, kuma shekaru da dama littafin na 'yan kasuwa da bankuna da kamfanonin inshora ne. Mai mota sai dai ya ji a bakinsu.

Ƙungiyar dilolin mota ta ƙasa, NADA, wadda aka kafa a 1917, ta fara fitar da nata littafin a 1933. Wannan ya zo daidai da shirin farfaɗo da masana'antu na gwamnatin Franklin Roosevelt, wanda a ƙarƙashinsa aka ƙayyade iyakar abin da dila zai iya bayarwa kan tsohuwar mota. Kotun Ƙoli ta rushe dokar a 1935, rige-rigen ya dawo, amma littafin ya zauna. A shekarar 1933 ɗin ne kuma William Glass ya fara buga makamancinsa a Ingila. Yaƙin Duniya na Biyu ya juya lamarin na ɗan lokaci: an dakatar da ƙera motocin farar hula a farkon 1942, motar hannu ta zama abin wawaso, har gwamnati ta sa mata iyakar farashi a 1944.

Littafi ƙiyasi ne. Inda ake ganin farashi na zahiri shi ne gwanjon diloli, wanda aka fara a South Carolina a 1938, sa'annan na garin Manheim a jihar Pennsylvania ya biyo baya a 1945 ya zama mafi girma. Ba a shiga sai da lasisin dila. Motoci suna wucewa layi-layi, kowace ta tsaya ɗan lokaci kaɗan a gaban mai gwanjo, a buga guduma, ta gaba ta matso. Tun daga lokacin, duk dilan da aka kawo wa mota musaya tambaya ɗaya yake yi wa kansa: idan ta ƙi tafiya a filina, nawa za ta yi a gwanjo? Daga wannan adadi yake farawa, ya cire kuɗin gyara da wanki da sufuri da ruwan bashin da zai biya banki muddin tana ajiye, abin da ya rage shi ne ainihin tayinsa.

Ainihin tayi daban, abin da ake rubutawa a takarda daban. A shekarun 1950, lokacin da kamfanoni suka cika diloli da motoci, wata dabara ta yi ƙamari: a kumbura farashin sabuwa a ɓoye, sa'annan a yi wa tsohuwa tayin da zai faranta ran mai ita. Mutum ya tafi gida yana murna an sayi Cadillac ɗinsa da daraja, bai san daga aljihunsa aka ɗebo ƙarin ba. Sanata Mike Monroney na Oklahoma ya jagoranci binciken majalisa, kuma a 1958 aka yi dokar da ta wajabta manna takarda a gilashin kowace sabuwar mota, mai ɗauke da farashin da kamfani ya ba da shawara da kuɗin kowane ƙari. Dokar ta toshe wannan ƙofa, amma dabarar cakuɗa lissafi ba ta mutu ba. Har yau ana ganin takardar nan mai gida huɗu a teburin wasu masu sayarwa: gida ɗaya farashin sabuwa, ɗaya kuɗin tsohuwa, ɗaya abin da za a ajiye a fara, ɗaya biyan wata-wata. Idan mai saye ya kafe a kan gida ɗaya sai a sakar masa, a matse a wani. Shi ya sa shawarar da masu kare haƙƙin masu saye suka daɗe suna bayarwa ita ce a gama cinikin sabuwa tukuna kafin a ambaci tsohuwa.

Ta ɓangaren mai sayen motar hannu kuwa, matsalar ita ce bai san abin da ke cikin ƙarfen ba. Mayar da mitar tafiya baya, zuba garin katako a akwatin giya don a kashe ƙara, zuba mai kauri don ɓoye hayaƙi, duk sanannun dabaru ne na wancan zamani. A 1970 George Akerlof ya buga wata maƙala da ta ɗauki kasuwar motocin hannu misali. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mai sayarwa ya san ko motarsa lafiyayya ce ko mai ciwo, mai saye bai sani ba, don haka ba zai biya fiye da farashin tsaka-tsaki ba. Mai lafiyayyar mota ya ga an rage masa, sai ya fasa sayarwa, kasuwa ta ƙara cika da masu ciwo, farashi ya ƙara faɗuwa. Mujallu uku sun ƙi karɓar maƙalar kafin ta huɗu ta buga, kuma ita ce ginshiƙin kyautar Nobel da ya raba da Michael Spence da Joseph Stiglitz a 2001.

Yawancin abin da ya biyo baya ƙoƙari ne na rage wannan duhu. A 1972 gwamnatin tarayya ta haramta taɓa mitar tafiya, a 1986 ta wajabta rubuta adadin a takardar mallaka duk lokacin da mota ta sauya hannu. Daga 1981 kowace mota tana da lambar shaida mai harufa da lambobi 17, kuma a kan wannan lamba kamfanin Carfax, da aka kafa a 1984, ya gina sana'ar sayar da tarihin mota: hannu nawa ta bi, ta taɓa haɗari, ambaliya ta taɓa cinye ta. Ga motar alfarma wannan rahoto yana da nauyi ƙwarai, domin haɗari guda da aka rubuta, ko da an gyara tsaf, yakan zaftare mata kuɗi fiye da yadda zai yi wa ƙaramar mota.

Babban sauyi a kasuwar motocin manya ya zo ne ta hanyar haya mai dogon zango. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 masu hawa Mercedes da BMW da Lexus da yawa suka daina saye, suka koma karɓa na shekara biyu ko uku suna biyan wata-wata, su mayar idan wa'adi ya cika. Kuɗin watan ya dogara ne da ƙiyasin darajar motar a ranar da za a dawo da ita, saboda haka kamfani ya wayi gari yana da ruwa da tsaki a farashin motocinsa na hannu. Lexus, wadda Toyota ta fito da ita a 1989, ta buɗe shirin motocin hannu masu shaidar kamfani a 1993, sauran suka bi sahu. Ana zaɓen masu ƙarancin shekaru da tafiya, a bincika su, a ƙara musu garanti, a haɗa da rance mai sauƙin ruwa. Wannan ya haifar da farashi na uku a sama da biyun farko, kuma ya sa mai sayarwa da kansa cikin tsaka mai wuya, domin yana gasa da dilan da ke da garanti da banki a bayansa, shi kuwa ba shi da komai sai fayil ɗin rasiɗan gyara da kalmar bakinsa.

Dalilin da ya sa garanti ke da wannan ƙarfi yana cikin ƙirar motocin. Babbar motar alfarma takan yi asarar fiye da rabin kuɗinta cikin shekara biyar, amma kayan gyaranta ba sa arha tare da ita. Balan-balan ɗin iska da ke ɗauke da ita a madadin sifirin, kwamfutocin da ke sarrafa kujera da fitila da giya, birki da tayoyi masu faɗi, duk suna nan a farashin mota sabuwa. Mai duba mota na dila ya san inda zai taɓa. Yana bin jikinta da na'urar auna kaurin fenti, ƙofa zuwa ƙofa, inda lamba ta yi tsalle ya san an yi ciko an fesa. Yana soka na'ura a ƙarƙashin sitiyari ya karanta laifuffukan da kwamfuta ta ajiye, har da waɗanda aka goge jiya. Yana duba shekarar tayoyi, ya sunsuna kujeru ko an sha taba, ya tambayi makulli na biyu, wanda yanka sabonsa kaɗai ɗaruruwan daloli ne. Kayan ƙawar da mai ita ya biya dubbai a kansu ranar saye, fata ta musamman ko manyan lasifika, kaɗan daga kuɗinsu ke dawowa a musaya. A wurin mai saye ɗaya da ke neman wannan launi da waɗannan kaya ne kawai suke da daraja, kuma a nan sayarwa kai tsaye take cin riba. Akwai 'yan tsiraru da ba sa bin wannan doka, irin Porsche 911 da Mercedes G-Class, waɗanda ke riƙe kuɗinsu saboda masu nema sun fi abin da ake ƙerawa.

Haraji ma yana cikin lissafin, kuma yana rage tazarar. A yawancin jihohi, wanda ya yi musaya yana biyan harajin saye ne a kan cikon kawai. A misali, idan sabuwa dala 80,000 ce, aka karɓi tsohuwa a 30,000, haraji kuma kashi 7 cikin ɗari, musayar ta rage masa dala 2,100. Ke nan sai mai saye na waje ya ba shi fiye da 32,100 kafin ya fara ganin amfanin wahalarsa. Wasu jihohi, ciki har da Kalifoniya da Virginia, ba sa yin wannan rangwame. Ga kuma abin da ba ya shiga takarda: makonnin jira, baƙin da za su zo gwaji, cekin banki na jabu da 'yan damfara suka ƙware a kai, da bashin banki da sai an biya kafin a saki takardar mallaka. Wanda bashinsa ya fi kuɗin motar yakan ga musaya ta fi sauƙi, domin dila zai ɗora ragowar a kan sabon rance, ko da yake wannan jinkirta ciwo ne kawai.

Intanet ta fito da littafin daga aljihun tebur. Kamfanin Kelley Blue Book ya fitar da bugun jama'a a 1993, ya buɗe shafinsa a 1995, kuma yau yana nuna farashin musaya da na sayarwa kai tsaye gefe da gefe, gwargwadon lafiyar mota. Galibin masu mota suna ɗora tasu a mataki mafi kyau, alhali kamfanin da kansa yana cewa kaɗan ƙwarai ke cancantar wannan mataki, kuma daga nan yawancin gardamar shagon dila take tashi. A 1993 kuma CarMax ya buɗe reshensa na farko a Richmond da tsarin farashi ɗaya babu tayi, yana sayen mota ko mai ita bai sayi komai a wurinsa ba, da rubutaccen tayi mai kwana bakwai. Wannan takarda ta zama makami: mutum ya riƙe ta ya shiga wurin dila, ya san ƙasan da ba zai sauka ba. Carvana, da aka kafa a 2012, ya mayar da tayin na cikin waya, shafin Bring a Trailer kuma, wanda ya fara gwanjo a 2014, ya ba mai mota ta musamman damar kai ta gaban masu sha'awa a faɗin ƙasar. A 2021, da ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta ya tsayar da masana'antu, farashin motocin hannu ya tashi da fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekara guda, diloli suka koma kiran tsofaffin abokan cinikinsu suna roƙon su dawo da motocin da suka saya.

Idan motar alfarma ta haura shekara goma, dilan kamfani ba ya ajiye ta a filinsa. Yana karɓa a musaya ya tura gwanjo, waɗanda suka yi haɗari kuma kamfanonin inshora su kai su wuraren gwanjo irin Copart. A can masu fitar da kaya waje suke jira. Wani rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu kusan miliyan 14, kuma kaso mafi girma Afirka ya nufa. Lexus RX da Mercedes ML da ake gani a titunan Kano da Abuja da Yamai da yawansu ta wannan hanya suka biyo, ta tashoshin Kwatano da Lome da Legas, ko da yake Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. A wannan kasuwa lissafin ya sha bamban: aikin makaniki yana da sauƙi, kayan gyara na hannu suna samuwa, farashi kuma yana bin canjin dala da kuɗin kwastan, dillali yana tsakani yana karɓar la'adarsa, kuma lambar shaidar nan mai harufa 17 tana ba mai saye a Kano damar ganin hoton motar kamar yadda take a filin gwanjo kafin a gyara ta.